Kome Nisan Jifa: Waiwaye Kan Tarihin Harba Kumbo da Tafiye-tafiyen da Ke Tafe

Gabatarwa

Hausawa kan ce kome nisan jifa ƙasa zai faɗo. Tun kaka da kakanni ba a sami wanda ya musa wannan magana ba, domin kuwa yaro mai danƙo, da maharbi mai kwari da baka, da sojan da ke harba igwa, duk sun shaida cewa abin da ya tashi daga ƙasa, ƙasa zai komo. Ana nan a kan haka, sai a daren 4 ga Oktoba 1957 wasu injiniyoyin Tarayyar Sobiyet suka yi wani jifa daga Baikonur, cikin dajin Kazakistan, jifan kuwa ya ƙi faɗowa. Abin da suka jefa wani dunƙulen ƙarfe ne mai nauyin kilo 83.6, wanda suka raɗa wa suna Sputnik. Ya yi ta kewaya duniya, sau ɗaya a kowane minti 96, yana aiko da wani ɗan kuka da masu akwatin rediyo suka riƙa kamawa a ƙasashe daban-daban.

A wancan zamani, harba kumbo ɗaya kan girgiza duniya baki ɗaya. A yau kuwa abin ya koma kamar tashar mota. A shekarar 2024 kaɗai an harba rokoki fiye da 250 zuwa falaki, watau kusan biyu a kowane kwana uku, kuma hukumomi da kamfanoni kan fitar da jadawalin waɗanda za su tashi nan gaba, da ranar tashi, da wurin tashi, da kayan da aka yi wa lodi. A wannan maƙala za mu waiwayi yadda aka faro har aka iso nan, mu duba inda ƙasarmu Nijeriya ta shiga cikin labarin, sa'an nan mu leƙa wannan jadawali mu ga abin da ke tafe da kuma abin da ya shafe mu a cikinsa.

Yadda Jifa Ke Ƙin Faɗowa

Kafin mu shiga tarihi, ya kamata mu fahimci abin da ake nufi da sanya abu a falaki. In mutum ya tsaya a kan dutse ya yi jifa, abin da ya jefa zai yi gaba, fizgar ƙasa kuma tana jawo shi, har ya faɗi. In ya ƙara ƙarfi, jifan zai ƙara nisa. To, da yake duniya a dunƙule take, akwai wani gudu wanda in jifa ya kai shi, yana gangarowa ƙasa tana lanƙwashewa a ƙarƙashinsa, don haka ba zai taɓa cim mata ba. Wannan gudu ya kai wajen kilomita 28,000 a awa guda ga abin da ke 'yan ɗaruruwan kilomitoci sama da mu. Ashe ke nan tauraron ɗan'adam kullum cikin faɗuwa yake, sai dai ƙasar ce take kuɓuce masa.

Kaiwa ga wannan gudu shi ne dukkan wahalar. Jirgin sama da iska ya dogara, a can sama kuwa babu iska. Saboda haka dole roka ta ɗauki manta, ta kuma ɗauki iskar oksijin da za ta ƙona man da ita. Kusan kashi tara cikin goma na nauyin roka a lokacin tashi duk makamashi ne. Wannan ne ya sa ake ƙera ta gaɓa-gaɓa kamar rake: in gaɓar ƙasa ta shanye manta sai a yar da ita, ta sama ta kama wuta ta ci gaba, har a isar da ɗan kayan da ke can ƙoli.

Asalin Roka

Sinawa ne suka fara haɗa albarushi, kuma tun cikin ƙarni na 13 suna amfani da kibau masu wuta a fagen yaƙi. Amma tunanin hawa roka zuwa sararin samaniya sai a farkon ƙarni na 20 ya sami lissafi. Wani malamin makaranta mai larurar ji a garin Kaluga na ƙasar Rasha, Konstantin Tsiolkovsky, shi ne ya buga wannan lissafi a 1903, ya kuma nuna cewa mai na ruwa ya fi albarushi dacewa da aikin. Ba'amurke Robert Goddard ya gwada abin a aikace ranar 16 ga Maris 1926 a wata gona a jihar Massachusetts. Rokarsa ta tashi kimanin mita 12, ta yi daƙiƙa biyu da rabi a sama, ta faɗo. Ko tsawon rimi ba ta kai ba, amma daga nan aka ɗora.

Abin takaici shi ne, yaƙi ne ya raini wannan jaririya. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Jamus ta tara injiniyoyi a Peenemünde ƙarƙashin Wernher von Braun, suka ƙera rokar V-2, wadda ta fara tashi lafiya a Oktoban 1942. Daga Satumban 1944 aka riƙa yi wa biranen Landan da Antwerp ruwanta. Fursunoni aka tilasta wa ƙera ta a cikin ramuka ƙarƙashin duwatsu, kuma waɗanda suka mutu wajen ƙirar sun fi waɗanda ta kashe a inda ta faɗa yawa. Da yaƙi ya ƙare, sai Amurka ta kwashi von Braun da abokan aikinsa fiye da ɗari, Sobiyet ita ma ta kwashi nata rabon na mutane da kayan aiki. A can aka danƙa ragamar aikin ga Sergei Korolev, mutumin da gwamnatin Stalin ta taɓa jefawa sansanin gwale-gwale, wanda kuma aka ɓoye sunansa ga duniya har ya rasu a 1966. Rokarsa mai suna R-7 an ƙera ta ne domin kai bom ɗin nukiliya wata nahiya. Ita ce ta ɗauki Sputnik, kuma daga zuriyarta aka sami rokar Soyuz.

Tseren Manyan Ƙasashe

Wata guda bayan Sputnik, ranar 3 ga Nuwamba 1957, Sobiyet ta sake harba wani kumbo ɗauke da karya mai suna Laika. Amurka ta yi gaggawar ramawa, amma a ranar 6 ga Disamba rokarta ta Vanguard ta tarwatse a gaban 'yan jarida tun ba ta bar dandamali ba. Sai a ƙarshen Janairun 1958 ta samu ta sanya Explorer 1 a falaki, kuma a cikin wannan shekara ta kafa hukumar NASA. Ranar 12 ga Afrilu 1961 Yuri Gagarin ya kewaya duniya sau ɗaya cikin tafiyar minti 108, ya zama mutum na farko da ya leƙa can ya dawo. Tseren bai lafa ba sai da Neil Armstrong da Buzz Aldrin suka taka duniyar wata a Yulin 1969.

Wannan al'amari bai wuce Hausawa ba. A wannan zamani ne harshenmu ya ɗauki tsohuwar kalmar kumbo ya ɗora wa jirgin sararin samaniya, ya ƙirƙiro tauraron ɗan'adam, ya kuma kira matuƙan kumbo 'yan sama jannati. Alhaji Mamman Shata ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa, Umaru Dembo kuma ya fitar da littafinsa Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969. Sai dai alaƙarmu da wannan tarihi ta girmi waƙar da littafin.

Kano da Legas

Kumbon da ke kewaya duniya a ƙasa-ƙasa ba ya wuce 'yan mintoci a saman kowane wuri, saƙon rediyon da ake magana da shi kuwa a miƙe yake tafiya, ba ya bin lanƙwasar duniya. Saboda haka, da Amurka ta tashi aika mutum falaki a shirinta na Mercury, sai ta jera tashoshin sauraro 18 a kewayen duniya, yadda in kumbo ya ɓace wa wannan, waccan za ta karɓe shi. Biyu daga cikinsu a ƙasar Afirka ta kudu da Sahara suke: ɗaya a Zanzibar, ɗaya a Kano. Lokacin da John Glenn ya kewaya duniya sau uku ranar 20 ga Fabrairu 1962, tashar Kano na cikin waɗanda suka bi sawunsa bayan ya tsallako tekun Atlantika. Ta kuma ci gaba da aiki a zamanin shirin Gemini da ya biyo baya.

Shekara guda bayan haka sai Legas ta shiga tarihi. Tun a 1945 marubuci Arthur C. Clarke ya bayyana cewa in aka ɗora tauraro a nisan kusan kilomita 36,000 bisa layin ikwaita, zai kewaya duniya cikin kwana guda cur, watau zai riƙa tafiya kafaɗa da kafaɗa da juyawar ƙasa, mai kallo daga ƙasa ya gan shi kamar a tsaye. Irin wannan tauraro zai iya zama hasumiyar sadarwa da ba ta da tushe a ƙasa. A Yulin 1963 Amurka ta harba Syncom 2 zuwa wannan nisa, ta kuma girke wani jirgin ruwa mai suna Kingsport, ɗauke da na'urorin karɓar saƙo, a tashar jiragen ruwa ta Legas. Ranar 23 ga Agusta 1963 Shugaba John Kennedy ya yi magana da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ta wannan hanya. Ita ce hira ta farko da shugabannin gwamnatoci biyu suka taɓa yi ta tauraron ɗan'adam. Daga baya, a 1971, Nijeriya ta buɗe tata tashar ta sadarwa da taurari a Lanlate, cikin jihar Oyo ta yanzu, domin kiran waya zuwa ƙasashen waje.

Abin lura a nan shi ne, a waɗancan shekaru na farko matsayinmu na mai masauki ne. Kumbon na wasu ne, na'urorin na wasu ne, mu dai muna da fili a daidai inda ake bukata.

Afirka a Matsayin Fagen Harbi

Haka abin yake a sauran sassan nahiyar. Daga Hammaguir, cikin hamadar Aljeriya, Faransa ta harba tauraronta na farko, Astérix, ranar 26 ga Nuwamba 1965, ta zama ƙasa ta uku da ta kai falaki da rokar kanta. Italiya kuma ta kafa dandamalin San Marco a kan teku daura da Malindi a ƙasar Kenya, inda aka riƙa harba taurari daga 1967 zuwa 1988. Ɗaya daga cikinsu, wanda aka harba ranar 12 ga Disamba 1970, ranar bikin 'yancin Kenya, an sa masa suna Uhuru, watau 'yanci da harshen Suwahili.

Dalilin son wuraren da ke kusa da ikwaita ba ɓoyayye ba ne. Duniya na juyawa ne zuwa gabas, kuma a kan ikwaita gudun juyawar ya kai wajen kilomita 1,670 a awa. Rokar da ta tashi daga nan ta fuskanci gabas ta sami wannan gudu kyauta. Shi ya sa Turawa suka kai tasharsu Kourou, a yankin Giyana na Faransa da ke Kudancin Amurka. Ganin haka, a 1976 wasu ƙasashen ikwaita, ciki har da Kenya da Uganda da Zayar da Kwango, suka taru a Bogota suka yi shelar cewa sashen falakin da ke bisa kawunansu mallakarsu ne. Duniya ba ta saurare su ba, domin yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ta riga ta haramta wa kowace ƙasa mallakar wani yanki na can. Rabon gurabe a wannan falaki yana hannun Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya da ke Janeba, kuma ƙa'idarta ita ce gurbin da aka yi wa rajista aka bar shi fanko tsawon lokaci yana iya suɓucewa. Mu riƙe wannan, za mu komo kansa.

Nijeriya Ta Sayi Kujera

Masar ce ta fara mallakar tauraro a nahiyar, Nilesat 101, a 1998, Afirka ta Kudu ta biyo baya a 1999, Aljeriya a 2002. Nijeriya ta kafa hukumarta ta binciken sararin samaniya, NASRDA, a 1999, mai hedikwata a Abuja, da cibiyoyi a wurare irin su Nsukka, da Jos, da Toro ta jihar Bauchi, da Ile-Ife, da kuma Epe ta jihar Legas, inda ake nazarin roka.

A ƙarshen Satumban 2003 aka harba NigeriaSat-1 daga Plesetsk a arewacin Rasha. Kamfanin Surrey na Ingila ne ya ƙera shi, tare da horar da injiniyoyin Nijeriya. Nauyinsa wajen kilo 100 ne, idonsa kuma na iya bambance abin da faɗinsa ya kai mita 32. An sanya shi cikin wani ayarin taurari na ƙasashe da ke sa ido kan bala'o'i, don haka ya ɗauko hotunan ɓarnar igiyar tsunami ta 2004 a Asiya, yana kuma cikin na farko da suka ɗauko hoton ɓarnar guguwar Katrina a Amurka a 2005. An ƙera shi ne don ya yi shekara biyar, amma sai da ya kai 2012 yana aiki.

Na biyun bai yi wannan sa'a ba. NigComSat-1, babban tauraron sadarwa da ƙasar Sin ta ƙera, ya tashi daga Xichang a watan Mayun 2007 a kan rokar Long March 3B. Bayan wata 18, a Nuwamban 2008, fikafikansa masu tara hasken rana suka sami matsala, wuta ta ɗauke masa, ya mutu. Abin da ya rufa asiri shi ne an yi masa inshora. Duk da haka sai da aka jira shekara uku kafin magajinsa, NigComSat-1R, ya tashi ranar 19 ga Disamba 2011, ya zauna a gurbin digiri 42.5 gabas. Wannan jira na shekara uku darasi ne babba: tauraro ba kayan kanti ba ne da za a je a ɗauko a ranar da ake bukata.

A cikin wannan shekara ta 2011, ranar 17 ga Agusta, aka harba NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X tare daga Yasny a Rasha, a kan rokar Dnepr, wadda asalinta makami mai linzami ne na zamanin Sobiyet aka mai da shi motar haya. Idon NigeriaSat-2 ya kai ganin abu mai mita 2.5, shi kuwa NigeriaSat-X injiniyoyinmu ne suka haɗa shi da hannunsu a ɗakunan aikin Surrey. Sai kuma 2017, lokacin da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure ta haɗa gwiwa da wata cibiyar fasaha ta Kyushu a Japan aka ƙera NigeriaEduSat-1, ɗan mitsitsin tauraro mai faɗin santimita 10 ta kowane gefe. Ya tashi daga Fulorida a watan Yuni tare da ɗan'uwansa GhanaSat-1 na ƙasar Gana, aka kai su tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, daga can aka sake su.

In muka jera wuraren nan, Plesetsk, Xichang, Yasny, Fulorida, za mu ga mun tashi daga matsayin mai masauki mun koma na fasinja. Ba abin kunya ba ne, domin ƙasashen da ke da rokar kansu ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Amma fasinja dole ya san lokacin tashin mota da kuɗinta.

Rokar da Ke Komowa Gida

Shekaru fiye da hamsin ana yar da gaɓoɓin roka a teku bayan tafiya ɗaya, kamar mutum ya sayi sabuwar mota daga Legas, in ya isa Kano ya cinna mata wuta. Amurka ta gwada kumbo mai zuwa ya dawo daga 1981 zuwa 2011, amma gyaransa ya zo da tsada ainun, biyu daga cikinsu kuma suka yi hatsari a 1986 da 2003, 'yan sama jannati 14 suka rasa rayukansu. Sauyin da ya karya farashi daga wani kamfani mai zaman kansa ya zo, watau SpaceX na Elon Musk. Rokarsa ta farko sau uku tana faɗuwa kafin ta kai falaki a Satumban 2008. Ranar 21 ga Disamba 2015 gaɓar farko ta rokar Falcon 9 ta sauke kayanta a sama, ta juyo, ta dira a tsaye bisa ƙafafunta. A Maris na 2017 aka sake harba wadda ta taɓa tashi. A 2024 rokokin Falcon sun tashi sau 134, watau fiye da rabin dukkan tashin da aka yi a duniya a shekarar.

A ɗaya gefen kuma taurarin kansu sun ƙanƙance, yadda roka ɗaya kan yi lodin masu yawa, kowa ya biya kuɗin kujerarsa. Indiya ta harba 104 a tashi ɗaya a Fabrairun 2017, SpaceX ta harba 143 a Janairun 2021. Wannan ne ya buɗe wa jami'o'i da ƙananan ƙasashe ƙofar da a da sai manyan dauloli.

Abin da Ke Kan Layi

In muka duba jadawalin tafiye-tafiyen da ke tafe, za mu iya kasa su gida uku. Kashi na farko, wanda ya fi yawa nesa ba kusa ba, shi ne na garken taurarin intanet. Tauraron da ke can nisan kilomita 36,000 yana da jinkiri, domin kafin tambaya ta hau ta sauka, amsa ta hau ta sauka, an ci rabin daƙiƙa. Maganin wannan shi ne a sauko kusa, wajen kilomita 550, amma a nan kowane tauraro wucewa yake yi da sauri, saboda haka sai an zuba dubbai. SpaceX ta fara zuba na Starlink guda 60 a Mayun 2019, zuwa 2025 kuma sun haura 7,000, fiye da rabin dukkan taurarin da ke aiki. Nijeriya ce ƙasar Afirka ta farko da aka fara sayar da wannan intanet a cikinta, a Janairun 2023. Kamfanin Amazon ya sami izinin zuba 3,236, ya fara a Afrilun 2025. Ƙasar Sin ta yi rajistar wani garke mai kusan 13,000, ta fara harba su a 2024. Da yake irin waɗannan taurari ba sa wuce kimanin shekara biyar, harba su aiki ne da ba ya ƙarewa: ana cike gurbin na baya, na gaba na tsufa.

Kashi na biyu shi ne na sababbin rokoki da ke neman kasuwa. A 2024 Amurka ta fito da Vulcan, Japan ta yi nasara da H3, Turai ta harba Ariane 6. A Oktoban wannan shekara SpaceX ta cafke gaɓar farko ta Starship, roka mafi girma da aka taɓa harbawa, da wasu hannuwan ƙarfe a jikin hasumiyar da ta tashi daga kanta. A Janairun 2025 rokar New Glenn ta kamfanin Blue Origin ta kai falaki. Yawan motoci a tasha alheri ne ga fasinja.

Kashi na uku shi ne na tafiyar mutane. Amurka ta fara shirin Artemis na komawa duniyar wata da kumbo marar matuƙi a Nuwamban 2022, kuma a Disamban wannan shekara Nijeriya da Ruwanda suka zama ƙasashen Afirka na farko da suka sa hannu kan yarjejeniyar da ke tattare da shirin. Sin ta bayyana niyyar sauke mutanenta a wata kafin 2030. Indiya, wadda ta sauke na'urarta kusa da ƙuryar kudu ta wata a Agustan 2023, ta gabatar da mutum huɗu a 2024 waɗanda take horarwa don shirinta na Gaganyaan. Ita kuwa tashar ƙasa da ƙasa, wadda mutane ke zaune cikinta ba yankewa tun Nuwamban 2000, an tsara yi mata ritaya wajen 2030, har NASA ta ba da kwangila a 2024 ta ƙera kumbon da zai jawo ta ta faɗa teku.

To ina namu a cikin wannan layi? An ƙera NigeriaSat-2 don aikin shekara bakwai, wa'adin da ya cika tun 2018. An ƙera NigComSat-1R don shekara 15, kuma lissafi daga 2011 ba mai wuya ba ne. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da amincewa da samar da sababbin taurari huɗu na kallon ƙasa, ɗaya daga ciki mai amfani da rada, wanda ke gani cikin dare, ya kuma ratsa gajimare da hazo. An kuma sha yin shelar shirin maye gurbin tauraron sadarwar. A shekarar ce kuma aka ƙaddamar da Hukumar Sararin Samaniya ta Afirka a birnin Alƙahira. Tsohon burin ƙasarmu na harba tauraro daga cikin gida kafin 2030 yana nan a rubuce. Gaɓar tekunmu na kusa da ikwaita, sai dai kudu take fuskanta, gabas da ita kuwa garuruwa ne cike da jama'a, don haka ta fi dacewa da rokar da za ta nufi kudu bisa teku, irin hanyar da taurarin ɗaukar hoto ke bi.

Kammalawa

Wani zai ce, ƙasar da ke fama da wutar lantarki me ya kai ta zancen kumbo? Amsar tana cikin abubuwan da muka gani da idonmu. Hotunan taurari ne suka nuna wa duniya yadda Tafkin Chadi ya tsuke daga wajen murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 zuwa ɗan abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma ba a shekarun fari na 1980. Ambaliyar 2012 da ta 2022 a kwarin Neja da Binuwai, da wadda ta auka wa Maiduguri a Satumban 2024, duk irin masifun da ake auna faɗinsu daga sama ne, a san inda ruwa ya kai da hanyar da agaji zai bi. Hasashen damina, da taswirar gonaki da dazuzzuka, da sadarwa a ƙauyen da waya ba ta kai ba, duk sun rataya a kan abin da aka harba. Wanda ba shi da nasa zai saya a hannun wasu, da farashinsu, a lokacin da suka ga dama, kuma an ce kayan aro ba ya rufe katara.

Daɗin daɗawa, hanyar kanta tana cika. A 2007 Sin ta harbe wani tsohon tauraronta, ya farfashe gida fiye da 3,000. A Fabrairun 2009 wani tauraron Amurka ya yi karo da wani mataccen na Rasha. A ƙarshen Disamban 2024 wani zoben ƙarfe mai nauyin kusan kilo 500 ya faɗo a ƙauyen Mukuku na ƙasar Kenya, Allah ya kiyaye bai faɗa kan kowa ba. Ashe dai maganar magabata ba ta faɗi ƙasa banza ba. Sputnik ma wata uku ya yi, iskar da ke can sama ta rage masa gudu, ya faɗo ya ƙone a Janairun 1958. Waɗanda ke can nesa kuwa, ko ba su faɗo ba, mansu kan ƙare, a ture su gefe, gurbinsu ya jira magaji ko ya koma hannun wani.

Saboda haka abin da tarihin nan ya koya mana shi ne, mallakar tauraro ba biki ba ne na rana ɗaya da za a yi a watse. Kowane tauraro da ranar mutuwarsa aka harba shi, ƙera magajinsa da samar masa kujera a roka kuwa kan ci shekaru, kamar yadda muka ɗanɗana tsakanin 2008 da 2011. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mu ɗalibai da malaman harshe ma muna da namu aikin a ciki. Mutanen da suka ƙirƙiro kumbo da ɗan sama jannati a shekarun 1960 sun ba manomi da ɗan kasuwa kalmomin da za su tattauna abin da ke wucewa bisa kansu. Abubuwan sun ƙaru, kalmomin kuwa ba su ƙaru da yawa ba, alhali jama'ar da ba ta iya tattauna abu da harshenta ba, da wuya ta tambayi shugabanninta inda aka kwana a kansa. Allah ya sa in an sake karanto jadawalin masu tashi mu ji sunan namu a ciki, mu kuma iya bayyana wa iyayenmu abin da ya tafi yi.